Gurbin Amyar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma na share gawa. Da tsintsiya, kamar mai sharar ɓawon gyaɗa. A bakin amyar gindin lemo suka zube, harsunansu a waje, waɗanda ba su ƙarasa ba suna ta juyi a ƙasa, ƙafafu na karkarwa. Littattafai sun ce harshe a waje alamar guba ce. Ban buƙaci littafi ba, hancina ya riga ya gaya mini tun da safe da warin feshin Auta ya tsallako katanga.

Amya goma sha biyu Baba ya bar mini. Saura biyu. Ita ma ta gindin lemon don kunya nake ƙirga ta.

'Yan matana yake ce wa ƙudan zuman nan, Allah ya jiƙansa, don masu aikin duk mata ne, mazan ci da kwanciya kawai suka iya. In zai faɗi haka sai ya kalli Auta. Da aka zo rabo ni aka ba gida da amyoyi, Auta ya ɗauki lambun ƙasa, aka ja katanga aka bar ƙaramar ƙofa a tsakani wai don zumunci. Zumunci! Ƙanen da na goya har bayana ya yi kanta, shi ne yau yake kashe mini su da famfo.

Alhamis, 6 ga Maris

Na bi ta ƙofar na same shi a layin kabewa, tankin feshi a baya, hanci ɗaure da tsumma. Nasa hancin ya san ya kare.

Wai, "Yaya, ina kwana." Na ce ni dai lafiya na kwana, su ne ba su tashi ba.

Na sake yi masa karatun da na yi masa bara da bara waccan. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma a wannan lokacin ne suke ciki tsundum. Ka bari sai yamma, fure ya rufe, sun koma gida. Ban ce kar ka yi feshi ba. Yamma kawai na ce.

"Da yamma ina kasuwa, Yaya. Su za su sayar mini da kayan?"

Na ce in suka ƙare, kai za ka riƙa bin fure ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza kana yi musu barbara, da wannan ƙaton tumbin naka.

Ya yi dariya. Sai ya ce, "Bara da tsutsa ta cinye mini rabin lambu ban ga kin zo kin karanta mata littafi ba, Malama."

Malama yake ce mini in yana son ƙona mini rai. Abin haushin, maganar ta yi daɗi. Da wani ya yaɓa wa ita da na yi dariya. Na juyo gida. Sai da na zauna wanke-wanke amsoshi suka yi ta zuwa mini, duk masu kyau, ba wanda zan gaya wa sai tukunya.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kara kunne a jikin amyar gindin lemo yadda Baba yake yi. Shiru.

Laraba, 12 ga Maris

Na buɗe ta. Asu ya riga ni, ya yi yana a saƙar. Ga zuma nan a rufe, ba mai ci. Wannan ne ya fi taɓa ni, gida cike da abinci, masu gida babu.

A ɗakin karatu yau ba wanda ya zo sai tsohon nan mai zuwa barci a ƙarƙashin fanka. Shekara ashirin ina jera wa garin nan littattafai, shi kaɗai ne bai taɓa fashi ba. Na zauna na karanta duk abin da na samu a kan mutuwar ƙudan zuma. Ko'ina haka ne, ba gidana kaɗai aka yi wa baki ba. Feshi. Wani ɗan ƙwaro kamar kaska da ke maƙale musu yana tsotse su. Itatuwan da aka sare. Zafi da ya ƙi sauka, fure ya fito ba a kan lokaci ba.

Na san ba Auta kaɗai ba ne. Na sani sarai. Babbar gonar da ke bayan titi da mota guda take feshi. Itatuwan bakin rafi da Baba ya ce su ne rumbun 'yan matansa, yanzu shaguna ne. Amma babbar gona ba ta da kunnen da zan ja. Auta yana da biyu, manya-manya.

Asabar, 15 ga Maris

Matar Auta ta shigo da kokwamba cike da roba. Baiwar Allah, ita kullum a tsakiya take, kamar ƙofar nan. Ta yi ta kame-kame, sannan ta ce ƙaramarsu tari ya hana ta sakat, ko da ɗan zuma.

Na ce, "Ki ce wa ubanta ya fesa mata."

Ta sunkuyar da kai. Ni kaina da maganar ta fita na ji ɗacinta a baki. Na shiga na ɗauko kwalbar bara, ta ƙarshe, na miƙa mata ban kalle ta ba. Kokwambar na ce ta mayar, ba na cin abin da aka wanke da guba.

"Yaya, shi ma fa ba ya barci," ta ce tana fita.

To ni ina yi ne?

Na sa wa ƙofar katanga sakata. Tun da aka gina ta ba a taɓa sa mata ba, sai da na buga da dutse ta shiga.

Talata, 18 ga Maris

Na biya ta shagon mai maganin ƙwari na ce ya ba ni irin wanda Auta yake saye. Na sa tabarau na duba kwalbar. Can ƙasa akwai hoton ƙudan zuma an soke shi da jan layi, ƙarami kamar kwarkwata. Na nuna masa. Ya leƙa ya ce, "Au, ashe zuma ce? Ni na ɗauka yana cikin waɗanda maganin yake kashewa."

Na ce ai ba ka yi kuskure ba.

Laraba, 19 ga Maris

'Yata ta kira. "Mama, ki daina sa wa kanki hawan jini, zuma fa tana nan a kanti." Na ce haka ne, uwa ma ana samu a kanti, ki saya. Ta ce ni dai ba a iya mini.

Ba ta san ƙamshin rigar kakanta ba, hayaƙi da kaki. Ta yaya zan yi mata bayani a waya.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya sake yi. Da sassafe, fure a buɗe rawaya shar. Ina tsaye ina kallon 'yan matan amyar gindin katanga, ta ƙarshe, suna tashi suna tsallakawa kai tsaye, kamar yara an kaɗa musu ƙararrawar tashi. Ba yadda za a yi ka ce wa ƙudan zuma kar ya je. Da rana sun fara dawowa suna faɗuwa a bakin ƙofa.

Ban yi ihu ba. Ihun ya ƙare.

Lahadi, 23 ga Maris

Gobe zan ɗauke ta daga gindin katangarsa.

Na san ƙa'idar, ba sai an tuna mini ba. Baba ya faɗa, littattafai sun faɗa. Amya ko dai ka matsa da ita taku ɗaya, ko ka kai ta wani gari. Tsakani babu. Mai fita neman fure ba akwatin ta sani ba, wurin ta sani, in ta dawo inda ta baro shi za ta nufa.

Amma bayan gida ne kawai. Za su ji ƙamshin gidansu. Nawa ba wawaye ba ne.

Kuma na san daga bayan gidan ma lambunsa za su je. Na sani. Ina so dai ya leƙo ya ga bulo huɗun da take zaune a kai babu komai. Ina so ya gani.

Litinin, 24 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Da asuba kafin su fara fita na toshe bakin amyar da tsumma, na ɗaure ta da igiya, na jawo ta kan baro. Ni kaɗai. Wa zan roƙa? Wanda ya saba kama mini kaya shi ne dalilin tafiyar. Na zagaya da ita ta lungu zuwa gindin tsohon ɗakin girki. A ɗan dakalin nan na bakin lungu tayar ta faɗa, na ji wani abu ya ce tim a ciki. Na tsaya. Na ce ba komai ba ne. Na ajiye ta, na zare tsumman, na yi wanka na tafi aiki, har da 'yar waƙa a hanya. Allah ya gani, har da waƙa.

Yau rana ta yi abin da ta ga dama.

Da la'asar tun daga ƙofar gida na ji su. Ba ƙarar aiki ba, wata ƙara ce ta daban, ta masu nema. Na jefar da jaka na yi gindin katanga. Duk waɗanda suka fita sun dawo gurbin da babu gida. Wuni guda suna zagaye bulo huɗu da kaya a ƙafafunsu, ba inda za su sauke. Ƙasa ta yi baƙi da waɗanda rana ta gama da su.

Amma a kan bulon akwai kwali. Kwalin tumatir, an kifa shi, an tokare gefe da kara, an lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu. Kusa da shi faranti da ruwa an zuba tsakuwa a ciki don kar su nutse, yadda Baba yake yi. Na leƙa ƙarƙashi. Sun dunƙule a ciki, kamar kan jariri, da ransu.

Sakata tana nan yadda na bar ta. A saman katanga siminti ya ɓare. A gefena kuma ga silifa ƙafa ɗaya, ƙatuwa, ta hagu.

Auta. Autan da tun yana ɗan ƙarami harbi ɗaya ke kumbura shi, wanda in Baba zai ɗebi zuma yake shigewa ƙarƙashin gado.

Muryar matarsa ta zo ta bayan katanga. "Yaya, kin dawo? Mu ma yanzu muka dawo daga asibiti. An yi masa allura. Idon ne dai ba ya buɗuwa."

Na ɗauki silifar na shiga da ita ɗaki.

Da rana ta faɗi na mayar da amyar gurbinta, wannan karon na ɗaga baron a dakalin kamar mai ɗauke da ƙwai. Na kaɗe kwalin a bakinta. Suka jeru suka shige, ba wadda ta tambaye ni komai.

Laraba, 26 ga Maris

Na hau bulo zan jefa masa silifarsa sai na gan shi zaune a inuwa. Fuskar nan ta yi suntum, ido kamar an tsaga da reza. Na ce to madalla, bana dai ka samu kabewa ɗaya da ta yi girma.

Ya so ya yi dariya, leɓe ya hana.

Na ce wa ya aike ka?

"Rana ce take kashe su, Yaya. Na yi ta buga ƙofa." Sannan ya ce, "Suna ta zuwa wurin suna tsayawa. Irin yadda kike shiga ɗakin Baba har yanzu ki tsaya."

Wa ya ce ya lura? Wa ya ba shi izinin lura? Na jefa silifar na sauka. Ina jin ta faɗa cikin kwalbatin ruwa. Ta yi daidai.

Juma'a, 28 ga Maris

Na kara kunne. Suna nan, amma sautin ya sauya. Amya mai lafiya gunaguni take yi ƙasa-ƙasa, kamar gidan da ake hira bayan an ƙoshi. Wannan kuwa sama-sama, yana tashi yana faɗuwa. Sau ɗaya na taɓa jin irinsa ina yarinya, Baba ya cire kunnensa ya ce, "Marayu ne."

Ba zan buɗe ba. Wataƙila gajiya ce.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na buɗe.

Saƙar tsakiya ce ta karye ta faɗi, wadda ƙwai da tsutsotsin suke ciki. Duk sun mutu a ƙasa cikin zumar da ta tsiyaye. Na ɗaga ta da wuƙa a hankali. Sarauniyar tana ƙarƙashi, doguwa, a miƙe, ta bushe.

Ba feshi ba ne.

Na rufe. Na wanke wuƙar. Na wanke ta kuma.

Asabar, 5 ga Afrilu

In aka samu saƙa mai sabon ƙwai daga wata amya aka sa musu, za su iya renon wata sarauniyar da kansu. Don haka na hau mota na tafi wurin Baffa mai zuma na bayan tasha, abokin Baba, wanda a da amyoyinsa sun fi na kowa yawa.

Na same su a jibge a jikin bango, wasu kaji na kwanci a ciki. Shi kuma yana gyaran tayar keke. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ƙwai kike nema, 'yata? Ga su nan, sai dai na kaza." Ya yi dariya har da tari. Ya ce tasa ta ƙarshe tun damina ta tafi, ba gawa ba komai, ya wayi gari kawai ya ga ba kowa. Ya ce masu gonar mangwaro da a da sai ya roƙe su kafin su bari ya ajiye amya, yanzu su ke kiransa a waya, ba ya ɗauka, me zai ce musu?

Ya tambayi Auta. Na ce yana nan. Ya dube ni ta saman tabarau. "Yana nan kawai? Ubanku ya ce ke harbi, shi gudu. Ya ce amya sai da duka biyun."

Na ce Baffa mota za ta tafi ta bar ni.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kwana biyu ban ji warin safe ba, na ɗauka maganin ne ya ƙare masa. Jiya da yamma sai na ji famfo, fuu, fuu. Na leƙa. Shi ne, rana ta kusa faɗuwa, fure duk a rufe. Matarsa ce ke zuwa kasuwa yanzu, da goyo.

Yanzu! Shekara uku ina faɗa, sai yanzu. Ashe ana iyawa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na zage shi tas, shi da kunnuwansa, har na gaji na zauna a bakin gado. Da na gama ban ji sauƙi ba. A da ina ji.

Litinin, 14 ga Afrilu

Kullum raguwa suke. Tsofaffi na mutuwa, ba masu maye gurbi. Amma har yanzu fita suke yi da safe su dawo da garin fure a ƙafa, suna tara wa 'ya'yan da ba za a haifa ba. Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, ban ga wanda ya kai wannan ba, kuma ban ga abin da ya kai shi ban haushi ba.

Na sa musu ruwan sukari. Don kaina na sa, na sani.

Asabar, 19 ga Afrilu

Sun ƙare. Ɗan abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, sun dunƙule a lungu ɗaya, tururuwa ta fara shiga.

Ban gaya wa kowa ba, amma da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida, ta waje, kamar baƙo. Auta ne. Ya zagayo ta titi. Fuskar ta saɓe, saura ɗan tabo a fatar ido. Ya wuce gindin katanga, ya durƙusa da ƙyar, ya kara kunnensa a jikin katakon. Kunnen Baba ne sak, har yadda yake karkatar da wuya. Ya daɗe a haka.

Ya miƙe ya ce, "Yaya, ni ne."

Maganar tana bakina. Baro, dakali, saƙa. Tana nan a kan harshe. Na ce masa, "Ka karkaɗe gwiwarka, ka kwashi ƙasa."

Ya karkaɗe, ya fita ta inda ya shigo.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Tsakar gida ba sauti. Ban san da ƙararsu nake jin gidan nan gida ba sai yau.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ban san me ke kai ni kan bulon nan ba kullum. Iska nake sha.

Lambunsa kore shar, ganye kamar faifai, ba tsutsa ko ɗaya, fure ko'ina. Kabewa babu. 'Ya'yan suna fitowa kamar ƙwan kaza, su yi rawaya, su ruɓe ta baki, su faɗi. Kankana ma haka. Kokwambar da ta tsira duk a lanƙwashe, kamar ƙugiya. Na ga matarsa tana bi tana tsince ruɓaɓɓun a bokiti, ta cika ta zubar ta dawo. Yaransu huɗu. Lambun nan ne makarantarsu da takalminsu.

Na faɗa masa haka za a yi. Rana da wata na faɗa. Na jira daɗin da mutum yake ji in maganarsa ta tabbata, bai zo ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Wallahi da gashin kaza na gan shi. Ƙaton mutum, tumbi a gaba, ya duƙa yana soka gashi a fure yana fitarwa yana sokawa a na kusa. Zagin da na yi masa ya ɗauka a matsayin darasi.

Kuma duk aikin banza yake yi. Daga namijin fure zuwa namijin fure yake kaiwa, rana kuma ta yi sama, rabin furen ya fara rufewa. Na cije leɓe. Na ce ba ruwana. Ya yi na biyu, ya yi na uku.

"Wannan ma namiji ne, shashasha! Macen ita ce mai ɗan ƙwallo a gindi!"

Ya ɗago a firgice yana neman inda muryar ta fito. Ya hango kaina a saman katanga. "Wacce, Yaya? Wannan?"

Na ce shekara nawa kana lambu ba ka san mace da namiji ba, da me ka haifi 'ya'ya huɗu?

"Ai ban taɓa dubawa ba. Su ke yi."

Su ke yi. Na sauka daga bulon.

Asabar, 3 ga Mayu

Bayana kamar an daka. Hannun rigata duk rawaya, ba na jin zai fita.

Ba don shi na je ba. Ba zan iya kallon ana aiki ba daidai ba ne, ko littafi aka jera a juye sai na gyara. Da asuba na zare sakatar, da dutse kuma. Na ce ya yar da gashin nan, ya tsinko namijin, ya yage masa ganyen furen, ya shafa kan a cikin macen a hankali, ba kamar mai sa wa keke mai ba. Shi yana tsinkowa, ni ina shafawa, don yatsunsa kamar muciya suke. Matarsa ta kawo shayi ta ajiye ta koma ta bar mu, mai hankali.

Mutum biyu, masu furfura, a duƙe tun asuba har fure ya rufe, ko rabin layukan ba mu yi ba. Abin da 'yan matan Baba ke gamawa kafin in ɗora ruwan wanka, ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Duk safiyar nan ƙudan zuma ko ɗaya bai zo ba. Ina ta kasa kunne.

Can wajen layi na uku, kaina a cikin ganye, na ce saƙa ce ta faɗo wa sarauniyar a baro, ranar nan.

Ya ce, "Na ji ƙarar baron." Sai ya miƙo mini wani furen. "Ga namiji, Malama."

Daga baya ya fara yin zzz da baki yana bin layi, da tumbin nan. Ban yi dariya ba. Tari ne ya sarƙe ni.

Da yamma na kankare amyar, na turara ta da ɗan hayaƙi, na shafe cikinta da kaki, na mayar da ita kan bulonta, bakinta yana kallon lambu. Ba don ina sa rai ba. Katako ne, in aka bar shi a ƙasa gara za ta ci.

Ƙofar a buɗe na bar ta. Sakatar cizon yatsa take yi, shi ke nan.

Layin ƙasa gobe zai buɗe. Sai na kwanta da wuri.